Jirgin tamfol a Dadin Kowa: yadda aikin hunturun bana yake tafiya

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Dam ya cika taf. Ruwa ya hau har gindin bishiyar da muke shanya kaya a kanta da bazara, saboda haka bana ba sai mun yi dakon jirgi mai nisa ba kafin a kai shi bakin ruwa. Ni da kafinta muka fito da shi daga rumfar da ya yi damina a ciki, muka kife shi a kan tsofaffin tayoyi, muka bi shi da ƙwanƙwasa tun daga goshi har gindi.

Ga wanda bai san shi ba, jirgin ruwa ne marar inji, iska ke tura shi ta tamfol da ke ɗaure a kan sanda. Tsawonsa ƙafa 14 ne, faɗinsa ƙafa 5 ba kaɗan, jikinsa filawud mai kaurin milimita 6. Babu ƙusa a jikinsa. Yanka fallayen aka yi, aka huda gefunansu, aka ɗinke su da wayar jan ƙarfe, sannan aka bi ɗinkin da gam ɗin ifoksi da ƙyallen faiba ciki da waje. Da gam ya kama sai aka zare wayar. Filawud ɗin na Kasuwar Katako ne a nan Gombe, ba irin wanda aka yi don ruwa ba, don haka kafin mu saya sai da na yanko guntu daga kowane iri na dafa a tukunya. Wanda ya ɓare muka bar wa masu kabad, wanda ya fito lafiya shi muka ɗauka. Har yau uwargida ba ta yafe tukunyar ba.

Gara ba ta taɓa shi ba, alhamdu lillahi. Wuri ɗaya ne ya yi laushi, a gindin akwatin da allon tsakiya (allon da ake nutsawa a ƙarƙashin jirgi) yake shiga, inda ruwa ke kwanciya. Mun ƙwaƙule shi mun bar shi ya sha rana, gobe da sassafe za mu cike. Ifoksi ba ya shiri da zafi. In ka dama da yawa da rana tsaka, a cikin gwangwanin zai ɗau zafi ya daskare kafin ka shafa rabinsa. Kaɗan-kaɗan ake damawa, a faranti mai faɗi.

Aikin bana guda ɗaya ne. Jirgin nan yana bin iska, yana kuma ratsa ta a kaikaice, amma in aka ce ya nufi wajen da take fitowa sai ya ƙi. Muddin bai koyi wannan ba, duk fitar da zan yi da filafili zan dawo.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Hunturu ya fara shigowa, amma hazo bai yi kauri ba, ana hango Dutsen Bima ras. Iskar daga arewa maso gabas take, kamar kowace shekara. Da sassafe shiru, wajen ƙarfe 9 ta taso, tsakanin hantsi da azahar ta yi ƙarfi, bayan la'asar ta fara kwantawa. Ba ta zuwa bai ɗaya. Za ka ga fuskar ruwa ta yi duhu daga nesa, duhun ya taho a guje, kafin ka gyara zama ya iso ka.

Ciwon bara yana nan. Da zarar na janyo igiyar tamfol ciki don in matsa kusa da iska, sai hannun sitiyari ya yi nauyi, jirgin ya dinga neman juya goshinsa cikin iskar da kansa. Ina janyo shi yana komawa. In na ɗan saki, sai ya shige cikinta gaba ɗaya ya tsaya cak, tamfol na kaɗawa fal-fal, daga nan kuma ya fara ja da baya. Haka na yini.

Dattijon masuntan da nake ajiye jirgin a gidansa, wanda kowa ke ce wa Baba, yana zaune yana gyaran raga yana kallo. Da na fito ya ce, "Malam, mu ma in iska ta ba mu baya muna ɗaga zani ko buhu a kan gwangwala ta kai mu gida. Amma wai ka ce tunkarar ta za ka yi? To, Allah ya nuna mana."

Na yi masa bayani a kan yashi, ban san ko ya shiga ba. Tamfol in ya yi ciki, iska ta bi ta gefensa, jan da take masa kashi biyu ne, wani gaba wani gefe. Allon tsakiya da ke nutse a ƙarƙashin jirgi shi ke hana tafiyar gefen, abin da ya saura shi ke tura ka gaba. Babu jirgin da ke fuskantar iska kai tsaye. Mai kyau yakan matsa har kusan digiri 45 da ita, a yi dama, a juya a yi hagu, yadda jaki mai kaya yake hawan tudu. Baba ya ce jaki dai ya sani.

Samarin da ke da inji su ba dariya suke ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 lissafinsu ya rikice, a ƙarshen 2024 kuma lita ta haura naira 1,000. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Baba ya tsaya ya daɗe yana tambayata kuɗin tamfol da igiya.

Asabar, 7 ga Disamba

Yau da gangan muka kifar da jirgin. Jarkoki huɗu masu lita 25 muka toshe bakinsu da kyau, muka ɗaure biyu a ƙarƙashin kujerar gaba, biyu a baya. Lissafin ba shi da wuya, lita ɗaya ta iska tana ɗaga kilo ɗaya a ruwa, ke nan kilo 100 muka ƙara masa. Na sa rigar ruwa, na rataya a gefe har ya kwanta. Bai nutse ba. Na zagaya na taka allon tsakiya, ya miƙe a hankali cike da ruwa, na shiga ta baya na kwashe da bokiti. Ɗaurin jarkokin baya ya so ya sassauta, za mu sa musu madaurin katako.

Nesa da ciyayin baki muka yi wannan gwaji, domin a nan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take zama, kuma duk wanda ya taso a bakin dam ya san ciwon. Baba ya sake nuna mini lungun da dorina ke kwana, ya ce ruwa ba sa'an kwando ba ne, jirgin filawud kuwa a wajen dorina kwando ne. Wajen bangon dam ma ba na zuwa. Can ne ruwa ke shiga injinan wutar nan masu megawat 40, jirgi marar inji ba shi da abin nema a wurin.

Asabar, 28 ga Disamba

Ba a taɓa ruwa ba. Bukukuwan ƙarshen shekara sun cinye Asabar biyu, hazo kuma ya rufe gari. Na sayi sabuwar igiya mita 20, shi ke nan.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Ƙanena da ke aiki a Legas ya bugo waya ya ce akwai wani dattijo da suke masallaci ɗaya, wanda duk rayuwarsa zana jiragen ruwa ya yi, zai zo Gombe ɗaurin aure ƙarshen wata. Na tura masa hotuna ta WhatsApp. Amsar ta zo ba yabo ba fallasa, awo uku kawai ya nema: daga goshi zuwa babbar sanda, daga goshi zuwa allon tsakiya, da tsawon gefuna huɗu na tamfol. Daga baya ya ƙara tambaya ɗaya, wai zanen da na bi na gina jirgin, tamfol nawa ne a cikinsa? Na ce biyu, babba a baya ƙarami a gaba, amma ni guda ɗaya mai kusurwa huɗu na ɗinka, saboda wayoyi da ƙarafan da ake riƙe sanda da su ba a samunsu a nan. Ya ce to, sai ya zo.

Asabar, 25 ga Janairu

Yau na cika shekara 50. A gidanmu ba a san wani bikin ranar haihuwa ba, mahaifina da shekarar fari ko ta naɗin wani sarki yake lissafin shekarunsa. Yaran ne suka matsa. Muka yi sulhu: babu kyandir, babu waƙa, a dafa shinkafa a kai bakin ruwa, a sayi karfasa da tarwaɗa a hannun 'ya'yan Baba, a ci tare da masunta a yi addu'a. Sun karya yarjejeniyar da kek, wanda autata ta rungume a cinya tun daga Gombe har muka wuce Kwadon ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Kyautarsu kuwa tun jiya suka turo mai fenti ya rubuta a bayan jirgin, da irin rubutun motocin haya, "Ba Ruwana da Fetur". Ban ga dama ba, amma ya riga ya bushe.

Dattijon Legas ɗin, wanda muke ce wa Baba Injiniya, ya iso wajen ƙarfe 10, a motar haya daga Tashar Dadin Kowa, da ƙaramar jaka da tef ɗin awo a aljihu. Ya haura 70. A bakin kogi ya tashi, a Fatakwal da Legas ya yi aiki yana zana jiragen fasinja da na kamun kifi, tuƙin jirgin iska kuma ya koya ne yana gyara wa 'yan kulob ɗin jiragen nan na Legas da aka kafa tun 1932. Bayan gaisuwa, ko kallon jirgina bai yi ba, kwale-kwalen Baba ya nufa. Ya tsuguna ya shafa inda aka haɗa katako da katako, ya tambayi wa ya yi, da wane itace, shekara nawa yake yi kafin ya fara yoyo. Dattawan biyu suka kusa rabin awa a nan, ni mai ranar haihuwa ina tsaye riƙe da igiya.

Da ya juyo kan nawa, ya sa aka tura shi inda ruwa ya kai ƙugu, aka saukar da allon tsakiya da na sitiyari. Ya ce babban ɗana ya sa yatsa biyu a gefen jirgin ya tura shi a kaikaice. Yaron ya tura kusa da gaba, goshi ya juya. Ya koma baya, gindi ya juya. Ya dinga matsawa taƙi-taƙi har ya sami wurin da jirgin ya tafi gefe sak, ba gaba ba baya. Baba Injiniya ya sa alli ya yi alama a nan. Ya ce wannan ita ce cibiyar da ruwa ke riƙe jirgin.

Sannan ya nemi kwali. Kwalin kek ɗin aka ba shi. Ya zana siffar tamfol a kai, kowace santimita 20 ya mayar da ita ɗaya, ya yanke da reza. Ya soka allura a kusurwa guda ya rataye kwalin, ya sako zare mai ɗan dutse a ƙasa, ya ja layi inda zaren ya bi. Ya sauya kusurwa ya sake. Inda layukan biyu suka gamu, nan ne cibiyar da iska ke tura tamfol. Da aka auna a jikin jirgi, cibiyar iskar tana bayan alamar alli da kusan santimita 30, alhali kamata ya yi ta ɗan shige gabanta. Iska na tura gindi gefe, ruwa na riƙe da tsakiya, dole goshi ya juya ya shiga iska.

"Malam," in ji shi, "jikin jirgin nan an zana shi da ƙaramin tamfol a gaba. Ka cire shi, nauyin iska duka ya koma baya. Jirgin lafiyarsa lau, tamfol ɗin ma lafiyarsa lau, zama ne ba su iya da juna ba."

Rabin gyaran a nan take aka yi shi, ba zarto ba gam. Ya kwance igiyar da ke ɗaga sandar sama, ya matsar da ƙullin baya, tamfol ɗin duka ya zame gaba, wani sashensa ya wuce babbar sanda. Ya kama igiyar da ke danne sandar ƙasa ya ja ta har na ji tsoron ɗinki zai ɓalle. Ya ce irin wannan tamfol in gefensa na gaba bai miƙe kamar tsirkiya ba, ba zai taɓa matsawa kusa da iska ba.

Bayan azahar muka fita ni da shi. A ƙasan jirgi ya zauna, ba a kujera ba, ya riƙe hannun sitiyari da 'yan yatsu. Nauyin bai tafi duka ba amma ya ragu ƙwarai. In zai juya, sai ya ɗan buɗe jirgin ya ƙara gudu tukuna, sannan ya tura sitiyari a hankali ya riƙe shi a nan har goshi ya ƙetare iska, tamfol ya cika ta ɗaya gefen. Ba ya gaggawa, ba ya magana. Muka yi dama muka yi hagu, bishiyar da muka taso daga gindinta ta dinga girma, har muka sa goshi a yashin da muka bari. Filafili yana kwance a bushe. Yara suka yi ta ihu. Baba ya taso, bai ce da kowa komai ba, ya zaro allon tsakiya daga akwatinsa, ya juya shi gaba da baya yana dubawa, ya auna shi da kamu, ya mayar.

Wajen cin abinci hira ta koma kan masu zanen jirage. Mutum biyu ya fi ambata. Clark Mills na Amurka, wanda a 1947 ya zana ɗan jirgin yara na filawud mai suna Optimist don iyaye su iya haɗa shi da kuɗi kaɗan, yau kuma a kansa yaran duniya ke fara koyo. Sai Jack Holt na Ingila, wanda shi da Barry Bucknell suka fito da Mirror a 1962, jirgin da ya yaɗa ɗinkin filawud da waya irin wanda muka yi. Abin da ya sa yake girmama su, a cewarsa, sun fara duba abin da ke hannun kafinta da aljihun mai saye kafin su ɗauki fensir. Na lura shi ma haka ya yi yini guda, bai ambaci abu ɗaya da sai an aiko daga Legas ba.

A wuri ɗaya muka saɓa. Tamfol ɗina murabba'in mita 7 ne, yana so a rage shi zuwa 6. Hujjarsa, in gudun iska ya ninka biyu ƙarfinta a kan tamfol huɗu yake ninkawa, jirgi mai ƙafa 14 irin wannan kuma da wuya ya wuce kilomita 9 a awa komai ka ɗora masa, ragowar ƙarfin kifar da kai zai yi. Gaskiya ne a hunturu. Amma shi ruwan Legas ya sani, bai ga yadda dam ɗin nan yake mutuwa murus da yamma ba, lokacin da kowane taƙi na tamfol ke da rana. Na yarda a sa layin ɗaure-ɗaure da za a naɗe ƙasan tamfol in iska ta yi yawa, amma almakashi ba zai taɓa shi ba. Ya yi dariya ya ce jirgina ne, shekaruna ne.

Ya ci kek, ya ce ya yi zaƙi da yawa. Kafin magariba muka sa shi a mota.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An gama sauran gyaran. Kafinta ya matsar da mazaunin babbar sanda gaba da santimita 20. Allon tsakiya, wanda da gefunansa a yanke suke tsaye, mun zagaye bakinsa na gaba, na baya kuma muka fere shi ya yi siriri, muka bi da samfefa da fenti. Tela mai ɗinkin rumfar biki ya yi layin ɗaure-ɗauren, ya kuma tsuke tamfol a kusurwoyin ƙasa don ya sami ciki, zurfin kusan kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa.

Na duba da kamfas ɗin waya. Tsakanin tafiyar dama da ta hagu digiri 110 ne, wato 55 kowane gefe. Bai kai na littafi ba, amma ga tamfol ɗin kasuwa ba ni da ƙorafi. Sitiyari ya saura da ɗan ja kaɗan zuwa wajen iska, Baba Injiniya ya ce a bar shi haka, don in mutum ya faɗa ruwa jirgin ya juya ya tsaya maimakon ya tafi ya bar shi.

Ruwa ya fara ja baya, kututturan da dam ya shanye tun da aka kammala shi sun fara kusanto sama a wasu wurare. Allo ya bugi guda, ya ɗan tsage a baki. Ga kuma raga da mamari ko'ina, alamarsu robar lemo ce kawai tana yawo. Yanzu kafin in fita sai na tambayi wanda ya kafa a ina.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ɗan Baba ya kawo kwale-kwalensa. Ba za a huda masa ciki a sa akwati ba, ba zai yarda ba, ni ma ba zan ba shi shawarar haka ba. Baba Injiniya ya turo zane a takardar littafin makaranta: allo a rataye a gefen jirgi ta waje, irin wanda jiragen Holan masu shimfiɗaɗɗen ciki suka daɗe suna amfani da shi, da tamfol na murabba'in mita 3 kacal a kan gajeriyar sanda, saboda kwale-kwalen siriri ne, ba ya son nauyi a sama. Da filafili za a tuƙa shi daga baya kamar yadda aka saba.

Mun gwada da hantsi, da jarka biyu a ɗaure da rigar ruwa a jikinsa, bayan doguwar gardama a kan rigar. Tunkarar iska bai yi ba tukuna, amma ya ratsa ta ya je inda ragarsa take ya dawo bai kunna inji ba. Allon yana buɗewa daga jikin jirgi in aka juya ta ɗaya gefen, sai an sa masa katakon da zai tokare shi da noti biyu marasa tsatsa. Wasu mutum biyu sun ce a auna nasu, na ce su bari a ga ƙarshen wannan.

Azumi mako mai zuwa, fita za ta koma ta bayan asuba in akwai iska, in babu a yi aikin tudu. Tsagin allona yana jiran gam, madaurin jarkokin baya har yanzu ba a yi ba. Da hadarin farko ya fara haɗuwa daga gabas za mu mayar da jirgin rumfa, don guguwar da ke gaban ruwan bazara ba ta ba mutum lokacin naɗe tamfol. Notin kuma na sa a duba mini a wajen masu kayan gyaran mota ranar Litinin.